Fitsarin Suzu da Shamuwar Masu Girma

Jama'a, ranar Larabar da ta wuce aka kama ni dumu-dumu da laifi, kuma gara ku ji daga bakina kafin ku ji a gidan wankan unguwa. Ni Tokunaga mai gyaran keke, da na shekara tara ina cika muku wannan shafi da ƙorafi a kan Masu Girma, shugabannin garinmu, ni ne na fitar da shara mai ƙonewa a ranar kwalabe da gwangwani.

Ba zan ce kuskure ba ne, da gangan na yi. Ƙarfe shida da rabi na safe na sa takunkumi, na ja hula har gira, na sauka da sanɗa, na ɗaga ragar nan da ake rufe shara saboda hankaki, na cusa ledata can ƙarƙashin gwangwanaye, na dawo. Ko kare bai gan ni ba. Ina zaune ina yaba wa kaina sai na tuna. Kafin in fita na ɗauki alƙalami na rubuta sunana da lambar ɗakinmu a jikin ledar, da kyakkyawan rubutu, kamar yadda dokar unguwa ta ce. Hannuna ne ya yi, bai shawarce ni ba. Ban sani ba ko a duk faɗin Japan an taɓa yin mai laifin da ya sa hannu a kan laifinsa har da lambar ƙofa. Na leƙa ta taga ko zan koma in ɗauko, sai na ga matan unguwa sun riga sun fito da kwalabensu suna gaisawa.

Abin da ya kai ni ga wannan ta'asa 'yata ce, Suzu, mai shekara biyu da wata uku. Ranar Litinin da tsakar rana aka kira ni daga gidan raino. Malamarsu ta rusuna, ta miƙo mini yarinya da hannu ɗaya, da ɗayan kuma ta miƙo kayanta ƙulle cikin leda biyu, ba a wanke ba. Amai da gudawa ke yawo, yara bakwai ya kayar a ajinsu. Matata Chizuru kuwa a kicin ɗin da ke dafa wa 'yan makaranta abincin rana take aiki, lafiyar cikin yara dubu biyu na hannunta. Dokar wurinsu ita ce kada ta kusanci irin wannan ciwo. Dole ta haɗa jaka ta koma gidan yayarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye, tana ɗaga wa 'yarta hannu daga nesa kamar mai rakiyar jirgi. Ni kuma na rufe shago, na zama uwa.

To kun san a unguwarmu Litinin da Alhamis kaɗai ake kwasar shara mai ƙonewa, kafin ƙarfe takwas. Ciwon nan sai da ya bari motar Litinin ta wuce sannan ya sauka, kai ka ce ya karanta jadawalin. Zuwa yammacin Talata na tara ƙunzugu ashirin da wani abu a baranda. Maƙwabcina Baba Ebihara, tsohon akawu mai ritaya, ya leƙo ta kan katangar da ta raba mu, ya toshe hanci da hankici.

"Baban Suzu, lafiya dai? Wani abu ya mutu a wajenku ne?"

"Ba abin da ya mutu, Baba. Cikin yarinya ne ya ɓaci."

"Ayya, sannu. To ka kira ofishin nan na yara mana, ai an tanadi komai. Ni a zamanina na san irin takardun da muka rubuta a kan wannan."

Ya rufe tagarsa, na ji har da sakata.

Da safiyar Laraba, bayan na gama aika-aikata, na goya Suzu zuwa wajen likitan yara na bayan tashar jirgi. Ya duba harshenta, ya ɗan tsunkuli fatar cikinta, ya tambaye ni yaushe rabonta da fitsari. Na ce tun wajen ƙarfe takwas, shi ma ɗan ɗis. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Babu maganin da zan ba ka. Ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan. In lasifikar gari ta buga kiɗan ƙarfe biyar ba ta yi fitsari ba, kada ka kira ni, kada ka kira kowa. Ɗauke ta sai babban asibiti, a sa mata ƙarin ruwa, ta kwana can."

Na dubi hannun Suzu. Duka-duka bai fi kan cokali ba, nan za a nemi jijiya a soka allura, uwarta kuma ba ta kusa. Ni da in waya ta yanke ni a yatsa sai na nemi wuri na zauna. Tun daga lokacin ban da wani buri a duniya sai fitsari.

Da muka dawo gida na tuna da shawarar Baba Ebihara. Ku da kuke biye da wannan shafi kun san labarin. Shekara biyu da rabi da suka wuce Masu Girma na hawa na huɗu a ofishin gari, Allah ya ƙara musu laushin kujera, suka gano cewa jarirai na ƙarewa a garinmu. Hankalinsu ya tashi ƙwarai, har sai da suka tafi otal ɗin nan mai ruwan ɗumi na kan dutse suka yi kwana uku suna tunani. Da suka sauko sai suka sauko mana da Shamuwa, tsuntsuwar da ake cewa ita ke kawo jarirai. Wani bawan Allah ake sakawa cikin rigar tsuntsu mai tsawon ƙofa, idanu kamar faranti. Shamuwa na da motarta, tana da mutum biyu masu yi mata fifita in ana zafi. An sauya kiɗan ƙarfe biyar da muka tashi muna ji, an sa waƙarta. Duk jaririn da aka haifa ana ba shi 'yar tsanar Shamuwa da littafi mai shafi ɗari da ashirin. Aka kuma buɗe Ɗakin Jinyar Yara, don iyaye masu aiki. Na je bikin buɗewar. Manya goma sha ɗaya, almakashi goma sha ɗaya, ƙyalle ɗaya. Gado uku ne a ɗakin.

Na buga lambar da ke bayan littafin. Bayan na saurari waƙar Shamuwa sau huɗu, wata murya mai zaƙi ta ɗauka.

"Mun gode ƙwarai da ka haihu a garinmu. Da me za mu taimaka?"

Na yi bayani. Na ce ba ajiye ta nake so in yi ba, ina son wanda ya san aikin ya taya ni ba ta ruwa.

"An yi mata rajista, ranka ya daɗe?"

"Wace rajista kuma?"

"Ana yi wata guda kafin ciwon."

"Baiwar Allah, ai ba ta sanar da ni za ta yi ciwo ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe, ana yawan samun haka. Sai ka zo hawa na huɗu da hatiminka, tare da yarinyar, a ɗauke ta hoto da Shamuwa."

"Ga mu nan zuwa."

"Sai dai ba a shigowa da yaro marar lafiya cikin ginin."

Can ta tambayi abin da ke damun yarinyar, na ce amai da gudawa.

"Ayya! Ai ba ma karɓar mai amai. Ko mai zazzaɓi, ko mai tari. Saboda tsabtar ɗakin."

"To wane irin marar lafiya kuke karɓa?"

"Wanda ya warke, ranka ya daɗe, in ya zo da takardar likita."

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Da zan ajiye wayar, sai da na rusuna mata sau biyu na ba ta haƙurin ɓata mata lokaci.

Amma kada a ce ba na yabon alheri. Littafin nan na Masu Girma yana da amfani, na shaida. Bangonsa ƙaƙƙarfa ne mai santsi, ruwa ba ya ratsa shi. Ban taɓa ganin abin da ke kwashe amai daga kan tabarmar tatami tas kamarsa ba. Duk wanda ya zaɓi takardar, ya san aikinsa.

Na gwada shi ne wajen ƙarfe sha biyu. Na cika wa Suzu kofinta da ruwan gishiri da sukari, ƙishi ya sa ta kwankwaɗe, ina ta tafi ina kirarin kaina. Ba a yi minti uku ba ta dawo mini da shi duka, rabi a ƙirjina, rabi a ƙasa. Daga nan ta yanke hulɗa da ruwa. Kalma biyu 'yata ta ƙware a kansu a duniya, "a'a" da "nawa", ranar kuma ta farkon kaɗai nake samu. Na kawo cokali, a'a. Na yi kukan mage, na yi rawar da ko ranar aurena ban yi ba, a'a. Zuwa ƙarfe biyu ko a'ar ma ta daina, sai ta kau da kai kawai. Ta kwanta lamo, leɓɓanta sun bushe, in ta yi kuka babu hawaye. Chizuru na ta aiko saƙo, ina ta amsa mata da "da sauƙi". Gaskiyar magana tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai aka danna ƙararrawar ƙofa.

Duk wanda ke zaune a unguwarmu ya san Iya Kuwabara. Shekararta saba'in da huɗu, tsawonta da kaɗan ya wuce sirdin keke, shekara ashirin kuma ita ke kula da wurin zubar da shara. Tana yawo da matsefin ƙarfe na ɗaukar shara a hannu da takardu masu ruwan ɗorawa a aljihu, waɗanda take liƙa wa ledar da ta karya doka. An ce ta taɓa mayar wa wani ango ledarsa ranar ɗaurin aurensa saboda murfin kwalba ɗaya. Ina buɗe ƙofa na ganta tsaye, ledata a gabanta, takarda mai ruwan ɗorawa liƙe daidai ƙarƙashin sunana.

"Baban Suzu, yau wace rana ce?"

"Laraba, Iya."

"Laraba ranar mece ce?"

"Kwalabe da gwangwani."

"To wannan kwalba ce ko gwangwani? Ka ma rubuta suna, wai kai mai gaskiya. Kai da kake zagin manya a jarida kullum, ashe ga halinka."

Na rusuna har goshina ya kusa taɓa takalma. Ina cikin jero ban-haƙuri sai Suzu ta yi wani ɗan kuka daga ciki, siriri, kamar na kyanwa. Iya ta daina kallona. Ta dubi ledar, ta dubi rigata da ba ta gama bushewa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin. Likita ya ce in ba ta yi fitsari kafin kiɗan biyar ba, sai asibiti."

"Uwarta fa?"

Na faɗa mata. Ba ta nemi izini ba. Ta jingine matsefinta, ta tuɓe takalma ta jera su, ta wuce ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta durƙusa gaban yarinya.

"Da me kake ba ta?"

"Da kofi."

"Kofi! Kai in za ka sa wa sarƙar keke mai, bokiti kake juyewa? Haba Baban Suzu! Tafasa mini ruwa."

Ta sa hannu a aljihu ta fito da murfin kwalba, cikin waɗanda ta ƙwace da safe. Ta tsoma shi a tafasasshen ruwa, ta bari ya huce, ta cika shi da ruwan gishiri da sukari. Ta ce murfi ɗaya duk minti biyar, ko da yarinya ta roƙi ƙari kada a ba ta. Ta kai bakin Suzu. Suzu ta kau da kai. Na ce a raina, to ga ki ga ta, wannan ba leda ba ce da za ki liƙa wa takarda.

Iya ta waiwaya, idonta ya faɗa kan 'yar tsanar Shamuwa da ke yashe bayan ƙofa tun ranar da aka ba mu. Ta jawo ta, ta zaunar da ita kusa da yarinya, ta ƙanƙance murya.

"Shamuwa, zo ki shanye. Na Suzu ne, amma ba ta so. Shanye duka, kada ki rage mata."

Ta kai murfin bakin tsuntsuwar, ta yi zuuut da bakinta. Suzu ta buɗe ido ɗaya. Iya ta sake cikawa, ta sake miƙa wa Shamuwa.

"Nawa!"

Da ƙyar muryar ta fito, amma ta fito. Ta miƙo hannu ta fisge murfin ta shanye, tana harara.

Jama'a, shekara biyu ina nazarin aikin Shamuwar nan ban gane ba, sai ranar. Aikinta shi ne ta zauna kusa da yaro ta shanye abin da aka ce nasa ne. Iya dai ta sa ta yi a fili. Kuma a karon farko tun da aka sauko da ita daga kan dutse, wani yaro a garin nan ya amfana da ita.

Haka muka zauna. Ni ke kallon agogo, Iya ke riƙe da murfi, Shamuwa na sata, Suzu na ƙwatowa. Ba ta yi amai ba. A tsakani Iya ta sa ni na ɗora kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, ta ce na anjima ne, ta sa na goga tuffa, ta yi mini faɗa da ta ga cikin yarinya a buɗe babu ɗamarar ulu. Duk minti goma sai na leƙa ƙunzugu.

"Kai, bar yarinya ta huta! Tukunya ce da za ka yi ta buɗe murfi?"

Wajen ƙarfe huɗu na tambaye ta inda ta koyi wannan dabara.

"Ɗana na biyu. Mijina na can teku a jirgin kamun kifi. Ni ma kofi na ba shi, kamar kai. Kwana tara muka yi a asibiti, an ɗaure masa hannu a katako." Ta cika murfin. "Ya rayu, ga shi can da tumbi. Amma ranar babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Na dubi agogo, na ce minti biyar ta cika.

Huɗu da rabi, ƙunzugu a bushe. Biyar saura kwata, a bushe. Na tashi na zuba kayan Suzu a jaka, na sa katin asibiti a aljihu, na rubuta wa Chizuru saƙon gaskiya amma na kasa aikawa. Iya ba ta hana ni ba. Ta ce likita ya fi mu sani, in biyar ta yi mu tafi, za ta riƙe mini jaka. Biyar saura minti huɗu na cire wa Suzu ƙunzugun don in sa mata sabo na tafiya, na ɗauke ta na ɗora a cinyata ina lalubar wando.

Sai na ji ɗumi.

Ya fara daga cinya, ya gangara gwiwa, ya bi ƙafa har cikin safa. Ban motsa ba, tsoro nake kada in katse shi. Suzu ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi tabkin da ke taruwa a kan tatami, ta nuna shi da yatsa.

"Nawa."

"Naki ne, uwata, naki ne! Duk naki ne!"

Daidai nan lasifikar gari ta saki waƙar Shamuwa. Ni ɗan shekara arba'in da ɗaya, ina zaune cikin fitsari ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa, alhali daɗi ne ya yi mini yawa. Na kira Chizuru, abin da na iya cewa kawai shi ne "Ta yi!" Na ji ta ƙwala ihu, na ji yayarta na tambaya ko lafiya.

Iya Kuwabara ta miƙe tana dafa gwiwa, ta sake wanke hannu, ta ce in ci gaba da murfi, kunu cokali biyu in an jima. A bakin ƙofa ta tsaya kan ledata. Ta ɓare takardar mai ruwan ɗorawa, ta ciro alƙalami, ta soke sunana, ta rubuta nata a ƙasa. Kuwabara, ɗaki na biyu.

"Iya, me kike yi haka?"

"Barandata ta fi taka iska. Gobe Alhamis zan fitar." Ta ɗauki ledar, ta nuna ni da matsefi. "In na ji wannan magana a jarida, sai na buɗe kowace leda taka har ka tsufa."

Ki gafarce ni, Iya. Na riga na saya miki safar hannu, ki buɗe.

Suzu ta warke, Chizuru ta dawo, an wanke gidan da ruwan bilic har ƙofa na ƙyalli. Iya ce dai ta kwanta ranar Juma'a, ciwon ya bi ta. Ni ke kai mata kunun shinkafa, ni ke riƙe murfi ina kallon agogo, tana ce mini hannuna na rawa kamar na mashayi. Ita ba ta buƙatar Shamuwa, ce mata kawai nake Baba Ebihara ya yi tayin riƙe mata wurin shara, sai ta fisge ta shanye.

Saura tambaya ɗaya, kuma ga Masu Girma na hawa na huɗu nake miƙa ta cikin ladabi, in sun sauko daga dutse. 'Yar tsanar nan ta sha amai, ba ta wankuwa, Chizuru ta ce a fitar da ita. Na duba jadawalin shara daga farko har ƙarshe ban ga ranarta ba. Ranku ya daɗe, Shamuwa mai ƙonewa ce ko marar ƙonewa? Ku taimaka da amsa, ledar na nan a baranda, har na rubuta sunana.